Gidan Erasmus na Anderlecht: Ƙaramin Gidan Tarihi da Littattafansa Suka Fi Kujerunsa Daraja

Gidan Erasmus yana unguwar Anderlecht, a kudu maso yammacin Brussels, babban birnin Beljiyam. Sunan na iya ruɗar mutum, domin Desiderius Erasmus, malamin tauhidi kuma marubuci ɗan Rotterdam, bai taɓa mallakar gidan ba, ba a nan aka haife shi ba, ba kuma a nan ya rasu ba. Baƙunci ya yi na wata biyar, daga Mayu zuwa ƙarshen Oktoban 1521, a wurin abokinsa Pieter Wijchmans, ɗaya daga cikin limaman majami'ar Waliyyi Bitrus da Waliyyi Gido, wanda kuma shi ke kula da makarantar majami'ar. Hukumar Anderlecht ta mai da ginin gidan tarihi a 1932. Duk da gajartar zaman, wurin ya cancanci rabin yini ga duk mai son fahimtar yadda malamin tauhidi ɗan Katolika ya rayu a tsakiyar rikicin da ya raba cocin Yammacin Turai gida biyu. Sai dai amfanin ziyarar ya danganta da abin da mutum ya je nema. Wanda ya je don ganin gadon Erasmus da rigarsa zai fito hannu rabbana. Wanda ya je don littattafai, musamman waɗanda masu tace rubutu suka ɓata da tawada, zai ga abin da ba ko'ina ake samunsa ba.

Kuskuren farko tun a hanya ake yin sa. Layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Brussels yana ƙarewa a wata tasha mai suna Érasme, kuma baƙo da ya ga sunan a taswira sai ya ɗauka can gidan yake. Waccan tashar ta asibitin jami'a ce da aka sa wa sunan malamin. Tashar da ake sauka ita ce Saint-Guidon, wadda ake rubutawa Sint-Guido da harshen Holan, kuma tsakaninta da ƙarshen layin tasha shida ce. Daga Saint-Guidon tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. A nufi hasumiyar majami'ar, gidan yana bayanta a titin Formanoir, lamba 31, a cikin katanga ta jan bulo. Tsofaffin littattafan jagora suna kiran titin da tsohon sunansa, Rue du Chapitre, wanda shi ma kan sa mutum ya yi ta zagaye. Ranar Litinin gidan a rufe yake, kamar yawancin gidajen tarihin birnin.

An gina gidan kashi-kashi, tun daga rabin ƙarni na 15 na biyu, aka kammala ɓangaren da ya fi girma a 1515. A wancan zamani Anderlecht ƙauye ne a bayan ganuwar Brussels, kuma haka Erasmus yake kiransa a wasiƙu wajen ashirin da ya rubuta daga nan, yana yabon iskar karkara da yadda jikinsa ya yi sauƙi. Mutum ne mai fama da tsakuwar ƙoda, ga zazzaɓi da ke yawan kwantar da shi, ga ƙyamar kifi a cocin da ke wajabta cin kifi a ranakun azumi. Amma ba lafiya kaɗai ta kawo shi ba, kuma a nan ne mai ziyara ke buƙatar ya zo da ɗan sani a kansa.

A 1521 Erasmus ya haura shekara hamsin. An haife shi a Rotterdam a ƙarshen Oktoba, tsakanin 1466 da 1469, mahaifinsa limamin coci, mahaifiyarsa ba matar aure ba, abin da ya zame masa tabo a dokar coci har sai da Fafaroma Leo na Goma ya ba shi takardar sassauci a 1517. Annoba ta kashe iyayensa yana matashi, masu riƙonsa suka tura shi gidan zuhudu na Steyn kusa da Gouda, aka naɗa shi limami a 1492. Bai zauna ba. Ya yi wa bishop na Cambrai sakatare, ya yi karatu a Paris, ya je Ingila a 1499 inda ya haɗu da John Colet da Thomas More, ya karɓi digirin dakta a tauhidi a Turin a 1506, ya yi aiki a maɗaba'ar Aldus Manutius a Venice a 1508, ya koyar a Cambridge. Aƙidarsa ɗaya ce a duk wannan yawo: a koyi Helenanci, wato harshen Girkawa, da Ibrananci da ingantaccen Latin, a koma ga nassin Littafi Mai Tsarki da rubuce-rubucen magabatan coci, a rage jayayyar makarantu da ziyarar kaburbura da cinikin takardun gafara. Daga 1517 yana zaune a Leuven, inda ya taimaka aka kafa kwalejin harsuna uku da dukiyar da Hieronymus Busleyden ya bari.

Sai maganar Martin Luther, ɗan zuhudun Jamus da ya ƙalubalanci cocin Roma, ta taso. A Yunin 1520 Fafaroma ya fitar da takardar gargaɗi, a Oktoba aka ƙona littattafan Luther a Leuven, a Janairun 1521 aka kore shi daga coci, a Afrilu ya tsaya gaban Sarki Charles na Biyar a Worms ya ƙi janyewa, a Mayu aka haramta ba shi mafaka a duk daular sarkin. A watan ne Erasmus ya tattara ya koma Anderlecht. Malaman tauhidi na Leuven, musamman Nicolaas Baechem na ɗariƙar Karmel, suna sukarsa a kan mumbari cewa shi ne tushen fitinar. Wakilin Fafaroma, Girolamo Aleandro, wanda suka taɓa zama ɗaki ɗaya a Venice, yana matsa masa ya fito fili ya la'anci Luther. Magoya bayan Luther kuwa suna jira ya bi su. Gaba kura, baya sayaki. Wata biyar ɗin nan su ne na ƙarshe da ya yi a ƙasashen da aka haife shi. Ranar 28 ga Oktoba ya kama hanyar Basel, kuma bai sake dawowa ba. Wanda ya riƙe wannan a ransa, ɗakunan za su yi masa ma'ana.

Ɗakunan ba su da yawa. A ƙasa akwai wanda ake kira ɗakin balaga, wato fasahar iya magana, sai ɗakin nazari mai kallon lambu, sai babban zaure na zamanin Farkawar Turai. A sama akwai Farin Ɗaki, wanda adonsa na ƙarni na 18 ne, kuma a nan littattafan suke. Kayan ɗakin nazari, teburin rubutu da kujeru da akwatuna, tsofaffi ne na gaske, amma tattaro su aka yi domin a nuna yadda ɗakin malami yake a wancan lokaci. Kada a tsaya gaban tebur ana cewa a kansa aka rubuta kaza. Kayan Erasmus na kansa, zobensa da hatiminsa da sauran abin da ya bari, hannun magajinsa Bonifacius Amerbach suka faɗa, kuma suna gidan tarihin Basel.

Haka ma hotuna. Zanen Quentin Metsys na 1517 da na Hans Holbein na 1523, waɗanda aka fi sanin fuskar Erasmus da su, asalinsu suna manyan gidajen zane na Roma da Paris da Basel da Ingila. Abin da ya fi amfani a Anderlecht shi ne ganin fuskar ta hannun masu zane daban-daban a wuri ɗaya: hular nan baƙa, dogon hanci, siririn baki, rigar sanyi mai gashi a wuya ko da a cikin ɗaki. Albrecht Dürer ya zana shi a Brussels a 1520, amma sai 1526 ya sassaƙa hoton a farantin tagulla, kuma Erasmus da kansa ya ce bai yi kama da shi sosai ba. A duba alamar da ke yawan fitowa tare da shi, Terminus, gunkin iyaka na Rumawa, da kalmomin Latin masu nufin ba na kauce wa kowa. Abokan gabansa sun ɗauke ta girman kai, shi kuwa ya yi bayani a rubuce cewa mutuwa ce ke magana.

Babban zauren yana da bango lulluɓe da fata mai ado irin wadda ake dangantawa da Kordoba. A matsa kusa a duba. Abin da ke ƙyalli kamar zinariya ba zinariya ba ce, siririn ganyen azurfa ne ake liƙawa a kan fatar, a shafe shi da man ƙyalli ruwan ɗorawa, sannan a buga zane da hatimi. A nan ne kuma zanen nan mai alluna uku na masanan gabas da suka kai wa jariri Yesu gaisuwa yake, wanda ake dangantawa da Hieronymus Bosch ko almajiransa. Zauren yana da kyau, amma dangantakarsa da Erasmus ta zamani ce kawai, minti goma sun ishe shi.

Farin Ɗaki ne ya kamata a ba rabin lokacin ziyarar. Littattafan suna cikin akwatunan gilashi, kowanne a buɗe a shafi ɗaya, kusan duka da Latin. Hasken kaɗan ne, kuma da gangan ne, domin haske mai ƙarfi yana cinye tsohuwar takarda. Mai raunin gani ya zo da tabaraunsa. Wanda bai iya Latin ba kada ya karaya, akwai abubuwa da ido ke karantawa ba tare da harshen ba.

Na farko shi ne girman aiki. Tarin karin maganar Girkawa da Rumawa da ya kira Adagia ya fara da 818 a bugun Paris na 1500, ya haura dubu uku a bugun Venice na 1508, ya kai 4,151 a shekarar da ya rasu. Ƙaramin littafi ne ya zama ƙato, kuma haka yake yi da kusan duk abin da ya rubuta: ya buga, ya gyara, ya ƙara, ya sake bugawa. Shi ya sa tambayar da ta fi muhimmanci a gaban kowane akwati ita ce, wane bugu ne wannan, na wace shekara, daga wace maɗaba'a. Tambarin Johann Froben na Basel, sanda da macizai biyu da kurciya a samanta, yana da sauƙin ganewa.

Na biyu shi ne Sabon Alkawari. Bugun 1516 da Froben ya fitar shi ne na farko da ya isa kasuwa da nassin Helenanci. Shafin ginshiƙi biyu ne, Helenanci a hagu, Latin a dama, sai dogon sharhi a bayan littafin. An yi shi cikin gaggawa, kuma Erasmus bai ɓoye hakan ba. Rubutun hannu kaɗan ya samu a Basel, duka na baya-bayan nan ne, kuma na littafin Ru'ya ta Yohanna guda ɗaya ne tak, shafinsa na ƙarshe ya ɓata, sai ya mayar da ayoyi shida na ƙarshe daga Latin zuwa Helenanci da kansa. An sake bugawa a 1519, 1522, 1527 da 1535. Bugun 1519 ne Luther ya yi amfani da shi ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci. Bugu na uku kuwa, na 1522, shi ne aikin da ke gaban Erasmus a watannin Anderlecht, kuma a cikinsa ne ya fara sa jimlar nan ta 1 Yohanna 5:7 kan shaidu uku a sama, Uba da Kalma da Ruhu Mai Tsarki. A bugu biyun farko ya bar ta, domin bai same ta a rubutun Helenanci ba, Edward Lee na Ingila da Diego López de Zúñiga na Sifen suka zarge shi da buɗe ƙofa ga masu musun Triniti, aƙidar Allah ɗaya cikin uku. Da aka nuna wani rubutun hannu a Ingila mai ɗauke da ita, wanda yanzu yake Dublin, sai ya sa ta, tare da sharhin da ke nuna yana zargin an daidaita rubutun da na Latin ne. Masu jagora da littattafai da yawa suna maimaita cewa alkawari ya yi zai sa ta in an kawo masa ko da rubutu ɗaya. Babu wannan alkawarin a rubuce-rubucensa.

Na uku, kuma shi ne dalilin zuwa, littattafan da aka tace. A 1559 Fafaroma Bulus na Huɗu ya sa dukan ayyukan Erasmus a jerin haramtattun littattafai, har waɗanda ba su taɓa addini ba. Jerin 1564 da ya biyo bayan babban taron cocin Katolika na Trent ya sassauta: wasu, kamar littafin hirarraki da na yabon wauta, suka ci gaba da zama haramun, sauran aka ce a karanta bayan an tsarkake su. A 1571 maɗaba'ar Plantin a Antwerp ta buga littafin da ke faɗa wa mai tacewa shafi kaza, layi kaza, a goge. Sakamakon ne ake gani a gilashi. Wani shafin an bi layi-layi da alƙalami, wani an shafe sakin layi sukutum da baƙi, wani an liƙa farar takarda a kai, wani sunan marubucin kawai aka kankare aka bar maganarsa. A sunkuya a duba launin tawadar. Ta mai tacewa ta ruwa ce da ake haɗawa da sinadarin ƙarfe da ƙullutun itacen oak, kuma da shekaru takan koɗe ta koma ruwan ƙasa, wani lokaci ta ci takardar ta huda ta. Ta maɗaba'a kuwa baƙin hayaƙi ce da dafaffen mai, ba ta koɗewa. Don haka a shafuka da dama kalmomin da aka so ɓoyewa sun sake fitowa ta ƙarƙashin shafen. Ana kuma iya gane mai tacewa mai himma da wanda ya ja siririn layi don a ce ya yi. Waɗannan littattafai mallakar gidajen zuhudu da malaman Katolika ne da ba su iya rabuwa da Erasmus ba, ba su kuma iya riƙe shi yadda yake ba.

Inda gidan yake da iyaka shi ne shekaru goma sha biyar da suka biyo baya, domin labarinsu a Basel da Freiburg ya faru, kuma akwatin gilashi ba ya iya nuna muhawara. Mai ziyara ya san su kafin ya zo. A Satumban 1524 Erasmus ya fito ya ƙalubalanci Luther, kuma bai zaɓi batun Fafaroma ko takardun gafara ba, ya zaɓi ikon zaɓin ɗan Adam: shin mutum yana da wani hannu, ko yaya ƙanƙantarsa, wajen amsa alherin Allah? Shi ya ce akwai. Luther ya mayar da martani mai zafi a Disambar 1525 cewa babu, amma ya yaba masa cewa shi kaɗai ya kama maƙogwaron maganar. 'Yan zuhudu suna cewa Erasmus ne ya sa ƙwai Luther ya ƙyanƙyashe, shi kuma ya amsa cewa ƙwan kaza ya sa, abin da ya fito wani tsuntsu ne dabam. Da aka farfasa gumakan majami'un Basel a Fabrairun 1529 aka hana Mas, ibadar 'yan Katolika, Erasmus ya ƙaura zuwa Freiburg ta 'yan Katolika. A 1535 Sarki Henry na Takwas na Ingila ya sa aka fille kan abokan Erasmus, John Fisher da Thomas More, a shekarar ne kuma aka yi masa maganar hular kadinal daga Fafaroma Bulus na Uku ya ƙi. Ya koma Basel don duba aikin ɗab'i, ya rasu a can a Yulin 1536, yana ɗan Katolika, aka binne shi a babbar majami'ar garin da ta riga ta koma hannun Furotesta. Akwai wani haɗari ga duk wurin da ke ɗauke da sunansa a Turai ta yau, inda sunan ya fi tuna wa matasa shirin musayar ɗalibai: a mai da shi mai wa'azin zaman lafiya da yawon duniya kawai, a manta cewa yawancin rayuwarsa a kan nassi da magabatan coci irin su Jerome da Augustine da Origen ta ƙare. Littattafan Farin Ɗaki suna gyara wannan ga wanda ya tsaya ya duba kaurinsu.

Lambun kashi biyu ne. Na farko na tsirran magani ne da René Pechère ya tsara a 1987, kusan iri ɗari da likitocin ƙarni na 16 suka sani, a cikin ƙananan fangali masu kusurwa huɗu. Na biyu, wanda Benoît Fondu ya tsara a 2000, ana kiransa lambun falsafa, an ɗauko tunaninsa daga ɗaya daga cikin hirarrakin Erasmus inda abokai ke cin abinci a lambu suna tattauna nassi. Akwai ƙananan tafkuna masu siffar ganye, da karin magana na Latin da aka yi da harufan ƙarfe a kan ruwa. Daga Mayu zuwa Satumba ne lambun ke da abin kallo. A hunturu tsirran maganin duk sun kwanta, fangali da alluna kawai za a tarar, ga duhu da ke sauka tun kafin ƙarfe biyar.

Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ta isa gidan da lambun. Ya fi kyau a fara da sama, a ba littattafai idon da bai gaji ba, sannan a sauko. Farin Ɗaki ta matakala ake hawa, kuma gini ne mai shekara ɗari biyar, mai keken guragu ko ciwon gwiwa ya tuntuɓi ma'aikata kafin ya taso. Harsunan hukuma a Brussels Faransanci ne da harshen Holan, wanda bai jin ko ɗaya ya tambayi abin karantawa da Ingilishi tun a ƙofa, ko ya nemi mai jagora tun da wuri idan ayari ne. Ɗakunan ƙanana ne, mutum ashirin sun cika ɗakin nazari, don haka safiyar ranar aiki da makarantu ke kawo yara ba ita ce lokacin nutsuwa ba. Masu bincike da ke son a buɗe musu tsohon bugu su juya shafi, akwai ɗakin karatu, amma sai an rubuta an nemi izini an faɗi littafin da ake so. Ƙananan yara za su ji daɗin lambun fiye da cikin gidan.

Kafin a koma tasha, a leƙa majami'ar da Wijchmans ya yi wa hidima, wadda ke da ɗakin ƙarƙashin ƙasa tun na ƙarni na 11. A gefenta akwai gidan matan ibada da aka kafa a 1252, mafi ƙanƙanta a Beljiyam, gidaje biyu da tsakar gida da rijiya, inda mata takwas kan zauna ba tare da sun ɗauki alkawarin zuhudu na har abada ba. Hukuma ɗaya ce ke kula da shi da Gidan Erasmus, a tambayi lokacin buɗewarsa a wurin sayen tikiti.